Kiɗan finafinan almara take ne da amshi, mu ne ba mu jin sa yadda aka yi shi

Jama'a, akwai abin da muke zubarwa kullum a gidajen kallo da cikin wayoyinmu a nan Maraɗi, shi ne kiɗan da ke ƙarƙashin finafinan almara, irin na dodanni da matsafa da sarakunan da ba a taɓa yi ba. Da yawa sun ɗauke shi hayaniyar raka faɗa. Ni kuwa a ganina rabin labarin a cikin kiɗan yake, kuma mutumin Maraɗi ya fi mutane da yawa kunnen gane shi, don da take aka rene mu.

Duk wanda ya taɓa zama filin kokowa ya san abin da nake nufi. Tun ɗan kokowa bai fito ba, da makaɗi ya juya hannu 'yan kallo sun san wanda ke tafe. Mahauta da kalangunsu, sarki da tambarinsa, kowa da takensa. Baki bai ambaci suna ba, ganga ta ambata. Turawa sun iso ga wannan dabara ta tasu hanyar, kuma Bajamushen nan mai tsara kiɗa, Richard Wagner, shi ne ya fi suna da ita, a jerin wasannin waƙa huɗu da aka fara nunawa a haɗe a 1876. A wurinsa masu fim suka gada.

Inda aikin ya fi fitowa fili shi ne finafinai uku na The Lord of the Rings, na 2001 da 2002 da 2003, waɗanda Howard Shore, mutumin Kanada, ya tsara wa kiɗa har ya karɓi kyautar fim ta Oscar guda uku a kansu. Ya ba kowace al'umma takenta da kayan kiɗanta. Gajerun mutane manoma da ake kira Hobbit ya ba su siririyar sarewar ƙarfe, mai daɗi kamar ta makiyayi da yamma. Mahaya dawakin Rohan ya ba su wani goge na ƙasar Norwe, wanda ban da tsirkiya huɗu da ake gogawa yake da wasu a ƙarƙashi da ba a taɓawa, su dai amsawa suke yi, shi ya sa muryarsa ke fita da kaɗaici. Gogen ne ke ɗauke da wannan take lokacin da masarautar ta lalace, sarkinta ya zama hoto. Ranar da suka hau dawakai don yaƙi, taken nan dai ne, amma ƙahonin tagulla suka ɗauke shi. Haka taken abokan tafiya tara, jaruman labarin: ranar da suka haɗu ya fito cikakke, da suka fara rasa juna sai ya riƙa zuwa a gutsuttsure, kayan busa ɗaya ko biyu ke riƙe da shi. Wanda ya kama wannan, kiɗan ya riga ɗan wasa gaya masa halin da ake ciki.

Taken Isengard, garin maƙeran yaƙi, a kan bugu biyar aka gina shi. Ku gwada da tafi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ku koma. Ƙafa ta saba da biyu ko uku ko huɗu, biyar ɗingishi take sa ta. Da gangan ne, don jiki ya ƙi sakewa. Har sarƙa aka riƙa bugawa a kan wayoyin cikin piyano don a samu ƙarar maƙera.

Sai wanda ya fi shafarmu. Taken ƙasar mugun sarki, Mordor, da abin busa na Maroko ake yin sa, wanda suke kira gaita. 'Yar'uwar algaitarmu ce, har sunan tushensa ɗaya. Gaskiya wannan yana sosa mini rai, don a wurinmu algaita muryar fada ce, ita ke gaban sarki ranar hawan salla, su kuwa kunnensu ya ɗauke ta muryar baƙo abin tsoro. Wannan gyara ne da ya kamata a faɗa. Duk da haka mai tsarin bai yi kuskure kan ƙarfinta ba: makaɗa kusan ɗari suna aiki, algaita guda ta keta su ta fito, kamar yadda take keta ƙarar dawakai da bindigogi a ƙofar fada. A 2018 kuma an ga akasin haka a Black Panther, inda gangar tama ta Senegal, 'yar'uwar kalangu, ta zama taken jarumin da kansa, da muryar Baaba Maal a kai.

Don kunne ya iya rarrabewa, sai an san yadda taron makaɗan nan, okestira, yake zaune. Gida huɗu ne. Masu goge su ne mafi yawa, sukan kai sittin a babban taro: biyolon na farko wajen 16, na biyu 14, alto 12, biyolonsal 10, sai kwantirabas 8, wanda tsayinsa ya kai na mutum. Bayansu masu busa irin na sarewa da algaita, bayansu masu tagulla, can ƙurya masu ganguna. A zaman da aka fi sabawa, siraran goge suna hagun mai sauraro, masu kauri suna dama. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Bayan su duka sai 'yan amshi, kuma a nan ne tsigar jiki ke tashi. Murya kashi huɗu ake raba su, biyu na mata, biyu na maza, kowane da siririya da kakkaura, wani lokaci a ƙara yara maza waɗanda muryarsu ba ta fashe ba. A finafinan nan uku ba da Turancin yau suke waƙa ba, yawanci da harsunan da marubucin littafin da aka ɗauko labarin, Tolkien, ya ƙirƙira ne, mutanen Rohan kuma da tsohon Turanci. Hikimar ita ce in kana jin ma'anar kalmomin, hankalinka zai rabu biyu tsakanin waƙa da maganar 'yan wasa. In ba ka ji, muryar ta zama kayan kiɗa mai numfashi. A ramin Moria maza zalla aka sa, daga Maori da mutanen Samowa, suna gurnani da harshen mahaƙan dutse, babu muryar mace ko ɗaya. Da tsohon da ke jagorantar abokan tafiyar ya faɗa rami, aka ɗauke duk wannan nauyi, aka bar murya guda siririya a sama. Wannan saukar ce ke sa mutane hawaye, kuma ba za ta yi aiki ba in da ba a yi gurnanin farko ba.

Akwai wata dabara tasu da za ta burge duk wanda ya san mabushin algaita. Shi yana tara iska a kumatu, yana shaƙa ta hanci, busa ba ta yankewa. Su kuma 'yan amshi rabon numfashi suke yi: wannan ya shaƙa yanzu, na kusa da shi sai bayan ya dawo, don haka sauti ɗaya zai miƙe kamar ba ɗan Adam ke yin sa ba.

To me ya sa yawancinmu ba mu taɓa jin duk wannan ba? Na farko lasifikar waya. Tsirkiyar kwantirabas mafi kauri tana girgiza wajen sau 41 a daƙiƙa, ita kuwa 'yar lasifikar waya sai girgiza ta kai ɗaruruwa take fara fitar da abin kirki. Ke nan manyan goge da manyan ganguna da kakkauran muryar maza duk sun tafi, saura tsiwar sama. Na biyu, ƙaramar lasifikar Bluetooth mai baki ɗaya tana cakuɗa hagu da dama wuri guda, zaman nan da na faɗa ya rushe. Na uku, fim ɗin da aka matse don ya shiga katin waya, aka tura wa wannan ya tura wa wancan, sautinsa ma ana matse shi, kuma muryoyi masu yawa su suka fi jin jiki, sai su koma kamar ana zuba ruwa a kwano.

Maganin ba shi da tsada. A sa abin sauraro a kunne biyu, a duba alamar hagu da dama kada a juya su. A nemi kiɗan shi kaɗai ba tare da fim ba, in MP3 ne ya zama mai lamba 256 ko 320, don 128 ya yi masa kaɗan. A kashe abin ƙara kauri da wayoyi ke zuwa da shi, yana dagula tsakiyar sauti inda muryoyi suke. A daidaita ƙara a wurin da kiɗan ya fi ƙarfi, a bar ta nan, kada a riƙa ƙarawa in ya yi sanyi, don sanyin da gangan aka yi shi. Kuma a zaɓi dare, bayan babura sun ragu. Saurare uku ya isa a fara: na farko a bi take kawai, na biyu a bi abin da ke ƙasa a kunnen dama, na uku a jira shigowar muryoyi a lura da abin da ya yi shiru don ya ba su wuri.

Ina da roƙo ga masu fassara finafinai zuwa Hausa, don ta hannunsu yawancin mutane ke kallo, kuma aikinsu ya kai labaran nan inda da ba za su kai ba. Abin da ke ɓata aikin shi ne duk sanda mai fassara zai yi magana sai a danne sautin fim gaba ɗaya, ya gama a sake shi, kiɗa ya riƙa nutsewa yana tasowa. Alhali in an samo fim mai sauti 5.1, layi shida ne a rabe: hagu, dama, tsakiya, biyu na baya, da na kauri. Yawancin magana a layin tsakiya take. A rage shi kaɗai, a ɗora Hausa a gurbinsa, sauran biyar su ci gaba da aikinsu. Inda kuma babu magana a fim ɗin asali, don Allah a bar wurin haka, ba sai an cike shi da bayani ba.

Masu situdiyo namu da ke son amshi mai kauri irin wannan, kwafin murya ɗaya sau ashirin a kwamfuta ba zai ba da shi ba, ƙara kawai zai ƙaru, don kaurin yana fitowa ne daga ɗan saɓanin da ke tsakanin muryoyin mutane daban-daban. A tara mutum takwas, a ɗauke su sau uku, kowane ɗauka su sauya wurin tsayuwa, a ajiye ɗaya hagu, ɗaya dama, ɗaya tsakiya. Kada a bi su da manhajar gyaran murya har su zama ɗaya. A tsayar da su kamar taku biyu daga makirfo, a kashe fanka, in ɗakin siminti ne mai rufin kwano a rataya tabarmi da barguna a bango biyu masu kallon juna, don a nan ne amsa-kuwwa ke kai da komo.