Tolulope ta tuƙa jirgin yaƙi, mu muna tambayar wa zai auri 'yarmu

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a zauren wani aminina aka yanke wa 'yarsa hukunci. Yarinyar ta gama sakandare da sakamako mai kyau, lissafi a hannunta kamar ruwan sha, kuma tun tana aji uku take cewa jirgin sama za ta tuƙa. Kuɗin cike fom ɗin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ma da ɗinkin hula ta tara. Babanta ya amince. Sai ga yayansa ya shigo, ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Malam, in ka sa ta a kaki, wa zai aure ta?" Shi ke nan, magana ta mutu. Ita ce ta kawo mana ruwa, ta durƙusa ta ajiye, idanunta sun yi jajir, ba ta ce uffan ba.

Tun ranar abin yake cina a rai, domin na san irin wannan zama ana yin sa a gidaje da yawa a Arewa duk shekarar da aka buɗe ɗaukar ɗalibai.

Wanda duk yake bin labarai ya san Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa helikwaftan yaƙi a Najeriya. A Kaduna aka haife ta a 1995, a makarantun sojin sama na Kaduna ta yi firamare da sakandare. Ta shiga NDA a 2012, shekara ɗaya bayan an fara karɓar mata a kwas ɗin da ke fitar da hafsoshin fagen daga. Ta karanta lissafi, ta sha fareti da gudun asuba daidai da maza har shekara biyar, ta fito da muƙamin hafsa a 2017. Daga nan aka tura ta Afirka ta Kudu koyon tuƙin helikwafta, inda ta shafe wata 14. Ranar 15 ga Oktoban 2019 aka maƙala mata lambar fiffike ta matuƙan jirgi a ƙirji, tare da Kafayat Sanni, mace ta farko da ta tuƙa jet ɗin yaƙi a Najeriya. Tolulope ba ta kai ga cika shekara 25 ba Allah ya karɓi ranta a Yulin 2020, sanadin mota da ta buge ta a cikin barikin sojin sama na Kaduna.

A ɗan wannan lokacin ina ta yi aiki? A Jihar Neja, a farmakin da aka sa wa suna da Hausa, Gama Aiki, a kan 'yan bindigar da suka hana manoma zuwa gona. Ƙauyukanmu ta yi ta shawagi a kansu. Yarinya ce 'yar asalin Kogi, iyayenta suka sake ta ta je ta tsare mutanen da su kuma suke ganin 'ya'yansu mata sun fi ƙarfin wannan aiki, ko kuma aikin ya fi ƙarfinsu. Ni wannan kunya yake ba ni.

Makarantun nan fa a ƙofar gidanmu suke. NDA tana Kaduna. Makarantar da ake fara koya wa matuƙan sojin sama tashi tana Kaduna, ta gaba da ita tana Kano. Mutanen Kawo da Mando kullum suna jin ƙarar ƙananan jiragen horo a saman rufinsu. Blessing Liman, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin soja a ƙasar nan a 2012, 'yar Zangon Kataf ce. Hanya a buɗe take, mu ne muke tsayawa a bakin ƙofa muna mayar da yaranmu gida.

Za a ce addini ne ya hana. Wanda ya faɗi haka ya koma ya karanta tarihin Nusaiba bint Ka'ab, wadda ta tsaya da takobi tana kare Manzon Allah (SAW) a Uhudu har aka ji mata raunuka. Jirgin Super Mushshak da ake koya wa ɗalibanmu tashi da shi a Kaduna daga Pakistan aka sayo shi, ƙasar da Ayesha Farooq ta zama matuƙiyar jirgin yaƙi a 2013 da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular kwano. Mariam al-Mansouri ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa jirgin yaƙi ƙirar F-16 ta tuƙa. Masu cewa bariki wurin lalacewa ne kuwa ba su hana 'ya'yansu zuwa jami'a da makarantar koyon jinya ba, alhali can ma akwai mugayen mutane. Tarbiyya tana bin yaro duk inda ya je.

Gaskiyar magana, tsoron bakin mutane ne. Muna gudun a ce 'yar wane ta zama soja, a yi da mu a wurin suna da ɗaurin aure. A kan wannan tsoro muke karya zuciyar yarinya mai shekara 17, mu kira shi kariya. Sannan mu ne kan gaba wajen ƙorafi in soja namiji ya ce matarmu ta sauko daga mota a shingen bincike. Shekarun da Boko Haram ke ɗaura wa ƙananan yara mata bam a ƙarƙashin hijabi, wa muke so ya bincike su? Matan da ake kuɓutarwa daga daji bayan watanni a hannun masu garkuwa, wa za su iya buɗe baki su gaya wa abin da aka yi musu, da harshen da suke ji? Muna son mace a wurin, amma ta wani gidan, ta wata jihar. Wannan son kai ne tsagwaronsa.

Kuma mu tuna gurbin NDA jiha-jiha ake raba shi. Hafsan da ya fito bana shi ne zai zauna a teburin yanke shawara nan da shekara 30. Duk yarinyar da muka hana yau, kujera ce muka bari da hannunmu, gobe kuma mu zo muna kukan an mayar da mu saniyar ware.

Gwamnonin Arewa su daina tsayawa ga raba keken ɗinki da sunan tallafa wa mata. A zaƙulo yaran da suka iya lissafi a makarantun 'yan mata, a shirya su ga jarrabawar. Rundunar sojin sama ta riƙa tura matuƙanta mata su shiga waɗannan makarantu cikin kayan aikinsu, yara su gani da idonsu. Batun suturar da za ta kwantar wa iyaye hankali, a zauna da malamai a daidaita shi.

Fom ɗin 'yar aminina yana nan a cikin jakarta, ba ta yaga ba. Babanta ya ce min shi ba zai iya tsallake maganar yayansa ba, kuma na fahimce shi. Na roƙe shi ya raka ni gidan yayan nasa gobe bayan la'asar. Zan tafi da hoton Tolulope a wayata, wanda take tsaye gaban jirginta.