Malam Zurƙe da littattafan gosulo

Jerin nan ya sake dawowa. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na 'yan gari, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na matasan Arewa mazauna Legas, ya ci karo da shi: wai littattafai goma da mutum ba zai taɓa mantawa da su ba. Daga Agege a cilla shi Idi-Araba, daga can ya faɗa Obalende, kowa ya danna alamar babban yatsa, wani ya ƙara da "Allah ya saka da alheri". Ka buɗe ka tarar tara na neman kuɗi ne, cikon na goman kuma na yadda za ka juya mutane. Babu na Hausa ko ɗaya, kai, babu ma na ɗan Najeriya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sabon salon da aka ɓullo da shi: ƙarƙashin kowane suna an liƙa murya ko bidiyo na minti biyar, wai an tace maka darasin littafin, ba sai ka wahalar da idonka ba.

Littattafan dai ba baƙi ba ne. Su ne a hannun yaran da ke ratsa motoci a gosulon Ojota da Maryland, an jero su tun daga tafin hannu har haɓa, kowanne a naɗe cikin leda mai ƙyalli don kada ka buɗe kafin ka biya. Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, wanda ya fito a 1997. The 48 Laws of Power na Robert Greene, 1998. Sai kakansu duka, Think and Grow Rich na Napoleon Hill, 1937.

Gwajin abin ba shi da wuya. Ka tare wanda ya turo jerin ka ce masa, "Ɗan'uwa, ba ni labarin abu ɗaya da ya tsaya maka a ciki." Zai sosa ƙeya ya ce, "Ai shi ne ka bar kuɗi su yi maka aiki." Iyakarta ke nan. To, ka wuce Alaba Rago ka sami dattijon da rabonsa da aji tun firamare, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ko kana tune da Malam Zurƙe?" Kafin ka rufe baki ya fara dariya. Ɗaya ya karanta nasa bara, ɗayan ya fi shekara arba'in da ajiye nasa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe shawara tsurarta, mutum take riƙewa, da wurin da ya tsaya, da yadda yake magana. Littafin shawara yawanci magana ɗaya ce aka shimfiɗa ta a shafi ɗari biyu, ana sauya mata riga a kowane babi. Shi ya sa ake iya matse shi cikin minti biyar ba a yi asarar komai ba. Amma ka gwada matse Ruwan Bagaja ka gani: wani mutum ya ji an yi wa Liman dariya a fada don ya ce akwai ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya fita nema, ya samo. An faɗi gaskiya, an kuma kashe littafin. Abin da ke cikinsa ai tafiyar ce, yadda mutumin, Alhaji Imam, da Malam Zurƙe ke haɗuwa gari bayan gari, yau wannan ya jefa wancan cikin masifa, gobe a rama, babu mai gajiya, babu kuma malamin kirki a cikinsu. Ga kuma bakin marubucin, Abubakar Imam, wanda ke sakin magana kamar yana zaune a gabanka a kan tabarma. Wannan ba ya shiga bidiyon minti biyar.

A shekarar da Napoleon Hill ya fitar da nasa littafin a Amurka, a ita ce juzu'in farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fito a Zariya, sauran biyun suka biyo baya zuwa 1939. Masu ɗokin dokoki 48 na mulki su koma su duba Wazirin da ke cikinsa. Ga makircin fada a fili: yadda ake yi wa sarki dariya da haƙora ana haƙa masa rami, da yadda aku ke tsare Musa, ɗan sarkin, da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarko. Wanda ya karanta wannan yana yaro, duk ranar da ya shiga ofis ko ƙungiyar kasuwa zai gane Wazirin wurin tun daga gaisuwa.

Za a ce matasanmu na Legas ci-rani suka zo, sanin kuɗi suke buƙata, ba tatsuniya ba. Wannan magana ce ta wanda bai karanta ko ɗaya daga ɓangarorin biyu ba. Dabarar Kiyosaki ta ginu ne a kan cin bashin banki a sayi gidajen haya, da dokokin harajin Amurka. A nan kuwa, a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa, ba a ma zo kan hukuncin riba ba ga wanda ya damu da shi. Mai kayan gwari a Mile 12, da ke lissafin kwando nawa na tumatir zai ruɓe idan mota ta kwana a hanya, ya fi littafin nan sanin abin da ake kira kasada.

In kuɗin ne ake son a fahimta, ga No Longer at Ease na Chinua Achebe, na 1960, wanda labarinsa a nan Legas ya faru. Ƙungiyar 'yan garinsu ta haɗa wa Obi Okonkwo fam 800 ya je Ingila karatu. Ya dawo ya sami aikin gwamnati, da gida a Ikoyi, da mota, da rantsuwar ba zai taɓa karɓar cin hanci ba. Daga nan Achebe ya zauna yana yi masa lissafi a hankali: biyan bashin ƙungiya, inshorar mota, haraji, rashin lafiyar uwa, kuɗin makarantar ƙane. Fam 20 aka kama shi da su. Duk ɗan Arewan da ke aiki a Apapa ko Ikeja, wanda wayarsa ke ƙara daga gida tun ranar 25 ga wata, zai ga kansa a ciki har ya ji kunya. A Hausa kuma akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin fasa-ƙwauri da yadda kuɗinsa ke sayen jami'ai. Ya fito ne a 1982 daga gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya, lokacin Legas ce babban birni, gasar da ta fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Mai bin hanyar Seme, kan iyakar Benin, ba ya buƙatar a yi masa sharhin Alhaji Gabatari, ɗan fasa-ƙwaurin da ke cikin Turmin Danya.

Abin kunyar ma ya fi haka kusa. Kullum 'yan'uwanmu na hawa mota suna sauka a dandalin Tafawa Balewa. Nawa ne a cikinsu suka san cewa mai sunan, tun yana malamin makaranta, ya rubuta Shaihu Umar don gasar da Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya shirya a 1933, gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi? Ɗan siririn littafi ne, zama biyu ya isa a gama shi, amma ban san wani littafin Hausa da ya kai shi nauyi a ƙirji ba. An sace yaro, ya ƙare a hannun Balarabe Abdulkarim a ƙetaren Hamada. Uwarsa ta bi sawu, aka kama ta aka mai da ita baiwa, ta bi ta Murzuk har Tarabulus, ta ga ɗanta, ba ta daɗe ba ta cika. Balewa bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, bai yi wa kowa wa'azi a kan bauta ba, ya dai bar matar tana tafiya. Mutumin da ya baro uwa a Katsina ko Azare, shekara uku bai je gida ba, in ya karanta wannan a ɗakin haya a Ijora, da wuya ya kwana bai kira ta ba.

Haka wanda ke sauka a filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja: ƙanwar mai sunan, Balaraba Ramat Yakubu, ita ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Masu cewa littattafan matan Kano duk soyayya ce mai ɓata tarbiyya sun huta da karatu, shi ya sa suke da lokacin yanke hukunci. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'ya tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta, shi kuma rumfarsa ta ƙone, arzikin ya watse, sai ga dangi sun taru suna matsa wa Rabi ta koma. Ta koma ɗin. Wannan komawar ce ke hana mai karatu sakat, don ba a gaya masa ko adalci aka yi ko zalunci ba. Wani kamfani a Indiya ya ga darajarsa ya buga fassarar Aliyu Kamal ta Turanci a 2012, mu kuwa bai sami gurbi a jerinmu na goma ba.

Shi kansa jerin goman kuskure ne, ko da littattafan kirki aka zuba a ciki. Wanda aka ba sunaye goma ba ya karanta ko ɗaya, adanawa yake yi a waya. Littafi ɗaya ake ba mutum ɗaya, a hannu, bayan an tambaye shi wanne ya taɓa karantawa har ƙarshe. In yaro ne haifaffen Legas, akwai ƙarin matsala da iyaye ba sa lura da ita. Tun 2018 dokar jiha ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, Turanci kuma shi ne harshen aji, saboda haka yaron na jin Hausa a gida amma bai taɓa ganinta a takarda ba. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Yaro zai ga "gado" bai san na kwanciya ne ko na mamaci ba, ya ga "kuka" ya rasa ta miya ce ko na hawaye. Shafi biyu ya gaji ya ajiye, uban ya ce ba ya son karatu. Maganin shi ne babba ya fara karanta masa da murya, labari ɗaya daga juzu'in farko na Magana Jari Ce, kwata ɗin awa bayan isha'i, yaron na bin layin da yatsa. Bayan mako biyu a tsaya a tsakiyar labari a miƙa masa littafin. Kada a haɗa masa juzu'i ukun lokaci ɗaya. Ruwan Bagaja ya biyo baya, Shaihu Umar sai ya ɗan tasa.

Kada kuma a ruɗe da kwafin da ke yawo a waya. Wasu hotunan shafuka ne a karkace, wasu kuma na'ura ce ta kwafe su ta zubar da ƙugiyar haruffa, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Mai koyo ba zai gane inda aka cuce shi ba. Na takarda ma sai an duba, don sayen littafi a cikin leda cinikin biri a sama ne. A yage ledar, a bi lambobin shafi a tsakiya. Ana buga littafi ne ƙunshi-ƙunshi, yawanci shafi 16 ko 32, don haka na jabu in ya yi giɓi, ƙunshi guda ne ke ɓacewa ko ya maimaitu, daga shafi 48 ka tsinci kanka a 65. A buɗe shi sosai a ga ko gam ɗin baya zai tsage, a goga yatsa a kan rubutun a ga ko tawada za ta biyo. In an kai gida, Legas ba Kano ba ce: kwalin da aka ajiye a ƙasa ko aka jingina da bango, damina ɗaya ta Yuni da Yuli ta isa ta sa shi fumfuna, gara da kyankyasai su ƙarasa. A ɗora a kan katako, a bar tazara da bango, a jefa kafur, kada a ƙulle a leda da danshi a ciki.

Saura inda za a samo, wanda shi ne uzurin kowa. Masu shagunan littattafai a Yaba da Ojuelegba ba za su ajiye abin da ba a tambaya ba, kuma ba laifinsu ba ne. Amma muna da fadojin sarakunan Hausawa, da ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗin taro da na kalanda kowace shekara, da Islamiyyu a kowace unguwa da kanta ɗaya ba za ta gagare su ba. Akwai bikin littattafai da ake yi a Freedom Park duk Nuwamba, teburi ɗaya ba zai karya wata ƙungiya ba. Motocin albasa da na shanu kuwa kullum suna shigowa daga Kano da Zariya, inda littattafan suke. Direban da ake ba saƙon kilishi da daddawa da man shanu ya ajiye a gefen kujerarsa ba zai ƙi kwali ɗaya ba, sai dai har yau kilishin kawai ake ba shi.