Tangaɗin da ba na maye ba: me hoton MRI ke nunawa?

Mutum ne lafiyarsa ƙalau, sai a ga ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu, harshe na sarƙewa, in ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai hannun ya zarce ko ya kama rawa, nan da nan sai a ce shaye-shaye ne ko kuma iska. Wallahi wannan abu na ci min rai, don wani lokaci ciwon ataksiya ne na gado, mai cin ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta wajen ƙeya wadda ke daidaita tafiya da motsin hannu.

A hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka a asibiti, galibi ana ganin ɓarnar ƙiri-ƙiri, naman ya motse, tsagogin da ke tsakanin ninkinsa sun buɗe ruwa ya cike gurbin. Kuma ciwon iri-iri ne, wasu likitoci sun sa musu suna SCA da lamba, kowane iri da inda ya fi ci. SCA6 kusan ƙaramar ƙwaƙwalwar kaɗai yake taɓawa, SCA2 kuwa har da kututturen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, haka ma SCA3 wanda ya yi yawa a tsibiran Azores na Fotugal. Bincike ma ya nuna a wasu irin motsewar na farawa tun mai ɗauke da ciwon bai soma tangaɗi ba.

To amma fa inda nake jin tsoro shi ne yadda muke ɗaukar hoto kamar alƙali. Irin da likitan Jamus Friedreich ya bayyana a 1863, wanda sai 1996 aka gano ƙwayar halittarsa, da farko ƙaramar ƙwaƙwalwar kan fito kusan garau, lakar wuya ce ke sirancewa, kenan in kai kawai aka duba sai a ce wa iyaye ba a ga komai ba, su kuma su kwashi yaro su koma gida da zargin sammu. Akwai ma mai kama da shi sak, na rashin bitamin E, an fi saninsa a Tunusiya da maƙwabtanta, shi kuma magani na tsayar da shi in an gano da wuri, gwajin jini ne ke kama shi ba hoto ba.

Shi ya sa nake ganin kafin a tura mutum ya sayar da akuya ya biya kuɗin MRI, likita ya zauna ya tambayi dangi tukuna, wa ya taɓa yin irin wannan tafiyar, kaka ko kawu, a shekara nawa ta fara, sannan uwa da uba auren zumunci ne ko a'a, don akwai irin da ba ya fitowa sai yaro ya gado ta ɓangaren biyu.