Mai shan giya a cikinmu, wa zai faɗa wa gaskiya?

Shekara goma sha ɗaya Yaya yana shan giya. Duk gidan mun sani, amma ba wanda ya taɓa kiran abin da sunansa. Sai dai a ce "yau ma jikin nasa ne". Hajiya ta yi kuka har ta gaji, Kawu ya yi faɗa, an karɓo rubutu, ya dafa Alƙur'ani ya rantse har sau biyu. A yi mako uku lafiya lau, sai wata rana ka ji bakinsa yana tashin kanumfari da minti, ka san an koma ruwa.

A Legas, inda yake aiki, likitan da ya duba hantarsa ya rubuta masa wata lambar waya, ya ce ya je ya zauna da 'yan AA, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina. Ni na raka shi, domin zaman ranar na kowa da kowa ne. Akwai kuma wanda masu matsalar kaɗai ke shiga. Kujerun roba ne aka zagaya da su, fanka tana ta ƙara, ga fulas ɗin shayi a gefe. Kowa ya faɗi sunansa na fari kawai, ya ce shi mashayi ne. Wani dattijon direba ya ba da labarin yadda yake cusa 'yar ledar giya a cikin safa kafin ya shiga gida. Nan na ga Yaya ya ɗago kai, domin nan ne shi ma maɓoyarsa. Ba wanda ya yi masa wa'azi, ba wanda ya tilasta masa magana. Muna cikin motar komawa ya ce, "Ƙanina, ashe ba ni kaɗai ba ne."

Wannan ne abin da muka kasa ba shi a gida. Mun ba shi nasiha, mun ba shi kunya, amma a cikinmu babu wanda ya san yadda hannu ke rawa da asuba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A kan haka ma aka kafa AA a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo ta Amurka, lokacin da Bill Wilson, ɗan kasuwar hannun jari da sha'awar giya ta taso wa a baƙon gari, ya nemi wani mashayin da zai yi magana da shi, aka haɗa shi da likita Bob Smith. Har yau sharaɗin shiga ɗaya ne: kana son dainawa. Ba kuɗin rajista. Za ka sami wanda ya riga ka nisa ya zama jagoranka, ka kira shi ko tsakar dare ne. Kuma ba a ce ka yi alkawarin har abada, na yau kawai ake nema.

Na san za a ce abin Turawa ne, wani lokaci ma a harabar coci ake zaman. AA ba ta bin wani addini, kowa da Ubangijinsa yake zuwa. Wanda bai natsu ba, akwai Millati Islami da Musulmi suka kafa a Baltimo a 1989, suka ɗora matakai goma sha biyu da 'yan AA ke bi don murmurewa a kan Alƙur'ani da Sunna. Amma ni abin da ke damuna ya fi wannan. Giya haramun ce, babu ja. To amma daki-daki aka hana ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Kuma da wani ya la'anci sahabin da ake yawan kawowa saboda sha, Manzon Allah (SAW) hana shi ya yi, ya shaidi mutumin da son Allah da Manzonsa. Mu kuwa yau ko sallamarsa da ƙyar muke amsawa, sannan mu yi mamakin me ya sa yake komawa mashaya, inda ake matsa masa benci ya zauna.

Gargaɗi ɗaya, don Allah a riƙe shi. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai a ɗaki. Cikin kwana biyu zuwa uku yana iya samun jijjiga, gane-gane da ruɗewa, kuma hakan na kisa. A fara da likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne. A tambayi likitan ko akwai zaman masu murmurewa a kusa. In babu, ana yin tarukan AA ta Zoom dare da rana, kana iya rufe kyamara ka saurara kawai. Na farko bai yi maka ba, gwada wani.

Yaya ya taɓa zamewa sau ɗaya bayan wata bakwai. Washegari ya koma, suka ja masa kujera. Yanzu ya dawo gida Kaduna, kuma a ƙa'idar AA mutum biyu ko uku sun isa su zama ƙungiya. Ya sami mutum biyu. Ɗaki suke nema da za su riƙa zama ranar Asabar bayan La'asar, da Hausa, inda mai wucewa ba zai leƙo ya kai labari unguwa ba. Wurare uku ya tambaya, duk an ce ya dawo wani lokaci.