Tsegumin bayan babbar mota: wa yake biyan kuɗin zaman lafiyar ƙauye?

Lokacin da aka sa gajeren fim ɗin nan na harshen Jawa, Tilik, a YouTube a watan Agustan 2020, mutanen Indonesiya sun rabu biyu. Wasu suka ce darakta Wahyu Agung Prasetyo ya ɗaure wa gulma gindi. Ni ina ganin fim ɗin ya faɗi gaskiya mai ɗaci ce kawai.

Matan wani ƙauye ne a yankin Bantul suka cika bayan babbar mota, za su dubiya asibiti a Yogyakarta, inda shugabar ƙauyensu take kwance. Tun daga tashi ɗaya daga cikin matan, Bu Tejo, ta sa wata budurwa, Dian, a gaba: ina take samun kuɗi, me ya hana ta aure, ga hotunanta a Facebook. Wata a cikinsu, Yu Ning, ita kaɗai ke kare ta. A ƙarshe sai ga Dian a mota da tsohon mijin mara lafiyar, wato kamar tsegumin ya tabbata, abin da ya fusata masu suka ke nan.

A 1963 masanin al'adu da zamantakewa Max Gluckman ya yi bayanin cewa tsegumi yana ɗinke jama'a, yana shata wanda yake na gida da wanda yake bare. Wannan ya fito fili a motar. Matan da ke cacar baki, da ɗan sanda ya tare su, baki ɗaya suka taso masa. Hildred Geertz kuma, ita ma masaniyar al'adu, a nazarinta na iyalin Jawa na 1961, ta nuna yadda suke fifita zaman lafiya na zahiri a kan fito-na-fito, don haka maganar da ba a faɗa a ido sai ta koma bayan ido.

Inda nake ja da Gluckman shi ne, bai tsaya a kan wanda ake yanka don a samu wannan haɗin kai ba. Bu Tejo da kanta ta miƙa wa direba ambulan na kuɗi, alhali mijinta yana hangen kujerar shugaban ƙauye, amma ba a ɗauki tafiyar ana tattauna wannan ba. Dattijon da ke neman Dian ma, wato tsohon mijin shugabar, babu wadda ta ambace shi. Mace mara aure, mara mai tsaya mata, ita aka yi wa shari'a tun daga ƙauye har ƙofar asibiti, ba ta nan balle ta kare kanta. Ko da rabin zargin ya tabbata, wannan bai mayar da shari'ar ta adalci ba.