Faransa ta bar Njamena, amma wa ya ƙirga tankokinta masu ba jirage mai a sama?

Tun ranar 30 ga Janairun 2025 da sojojin Faransa suka miƙa sansanin Kossei na Njamena ga gwamnatin Chadi, magana ɗaya ake ta nanatawa a rediyo da shafukan sada zumunta: wai an karya fukafukin Faransa a Sahel, jiragenta ba su da wurin sauka, saboda haka an huta. Ni ma na yi murna da tafiyarsu, domin babu ƙasar da za ta so baƙon soja ya yi kaka-gida a cikinta. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu sharhin da ke auna ƙarfin sama da yawan sansanoni da jiragen yaƙin da ake nunawa ranar fareti. Da sun san tarihin rundunar jiragen Faransa mai suna Bretagne, da sun sassauta murya.

A Chadi aka haifi wannan runduna. An kafa ta ranar 1 ga Janairun 1942 a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, bayan Gwamna Félix Éboué ya kai Chadi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a Agustan 1940. Da 'yan tsirarun jirage ta fara, tana rufa wa dakarun Leclerc, kwamandan sojojin de Gaulle a Chadi, baya a hare-haren da suka kai Fezzan ta kudancin Libiya. A lokacin Fort-Lamy zango ce a kan hanyar da jiragen Ingila ke bi daga Takoradi, su ratsa Kano da Maiduguri, su nufi Masar. Jamusawa sun fahimci inda lagon yake. A cikin watan da aka kafa rundunar, jirginsu guda ɗaya tak ya keto Sahara ya jefa bama-bamai a kan ma'ajiyar man Fort-Lamy. Shi kansa jirgin mai ya ƙare masa a hanyar komawa, ya sauka a hamada. Tun ran gini, maganar yaƙin sama a wannan yanki maganar mai ce da nisan tafiya.

Faransa ta riƙe wannan karatu. A 1964 ta karɓi jiragen shayar da mai a sararin sama ƙirar C-135 guda 12 daga Amurka, domin jiragenta na Mirage IV masu ɗaukar makamin nukiliya su iya isa inda aka aike su. Sunan Bretagne daga baya ya koma kan waɗannan tankoki da ke zaune a Istres, kudancin Faransa. Yau rundunar tana tuƙa A330 Phénix, wanda na farkonsa ya iso a Oktoban 2018, kuma guda 15 ake son tarawa. Jirgi ɗaya yana ɗaukar mai fiye da tan 100, yana kwasar sojoji sama da 250, ana kuma iya mayar da shi asibiti a ɗauko masu rauni.

To, me wannan ya haifar? Ranar 13 ga Janairun 2013 jiragen Rafale huɗu suka tashi daga Saint-Dizier a arewa maso gabashin Faransa, suka yi luguden wuta a yankin Gao na Mali, tafiyar sama da awa 9, ana ba su mai a sama. Na san abin da za a ce: ai a Njamena suka sauka, yanzu kuwa babu Njamena. Wannan hujja ba ta da nauyi. A Afrilun 2018 jiragen Faransa sun tashi daga gida, suka kai hari Siriya, suka koma gida, tafiyar kusan awa 10. A 2021 kuma Rafale uku da rakiyar Phénix biyu suka isa Tahiti, can tsakiyar tekun Fasifik, cikin ƙasa da kwana biyu. Wanda ya kai Tahiti, Agadez ko Faya ce za ta yi masa nisa? Rashin sansani ya ƙara musu tsada da wahala, ya rage yawan sawun da za su iya yi a rana, wannan gaskiya ne. Hannunsu dai har gobe yana kaiwa.

Ba tsoro nake son sa wa kowa ba. Damuwata tana kan namu shugabannin, waɗanda suka kori baƙo amma suka ƙi ɗaukar darasin da ya bari. A 2013 ita kanta Faransa tankokinta sun gaza mata, sai da Amurka ta kawo ɗauki da nata KC-135. Ta ji kunya, ta koma ta zuba kuɗi. Mu fa? A yaƙin nan na Mali, wasu dakarun Afirka sai da jiragen Jamus suka ɗebe su zuwa Bamako. Shekara goma sha wani abu ke nan, me ya canza? Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi Super Tucano 12 da JF-17 uku a 2021, ta yi odar M-346 guda 24 daga Italiya, amma ba ta da tankar sama ko ɗaya, kuma kwasar kaya har yanzu ta dogara kan jiragen dako ƙirar C-130 da aka fara sayowa tun shekarun 1970. Nijar kuwa C-130 da ta samu a 2021 kyautar Amurka ce, Amurkar da aka sallama daga Agadez a 2024. Aljeriya da Maroko ne suka ɗauki abin da gaske, ɗaya da tankokin sama ƙirar Il-78, ɗaya da KC-130, shi ya sa ake jin maganarsu.

Dalilin a fili yake. Jirgin yaƙi yana da kyau a hoto, ana yanka masa kyalle, minista ya tsaya gabansa. Jirgin dakon kaya da na mai ba sa jawo tafi, kuma suna cin kuɗin gyara da horar da matuƙa da makanikai na tsawon shekaru, aikin da ba ya ƙarewa a wa'adin gwamnati ɗaya. Masu cewa jirage marasa matuƙa sun wadatar su gaya mana wanne ne a cikinsu zai kai bataliya Dirkou a arewacin Nijar ko ya ɗauko sojan da ya ji rauni daga bakin tafkin Chadi. Wannan sakaci ne, kuma sojan da ke jiran harsashi da magani a daji shi ke biyan kuɗinsa da ransa.

Babu ƙasar yankin nan da za ta iya tara irin abin da ke Istres ita kaɗai, ba ma a bukatar haka. Amma ƙasashen da ke yaƙi tare a tafkin Chadi za su iya haɗa kuɗi su mallaki 'yan jiragen dako na bai ɗaya, da wurin gyara guda, ko da biyu daga ciki su zama masu ba da mai. Majalisun da ke amincewa da kasafin tsaro su fara da tambayar hafsoshi nawa ne cikin jiragen dakon da ake da su za su iya tashi gobe da safe.