Neman aure a gidajen manyan Ingila ba sakaka ba ne

Mutane da yawa na ɗauka cewa tun fil azal Turawa sakaka suke neman aure, saurayi ya ja budurwa su tafi inda suka ga dama. A gidajen manyan Ingila na wajajen 1810, sam ba haka ba ne.

Yarinya ba ta shiga taron manya sai ta kai shekara 17 ko 18 an fito da ita. 'Ya'yan masu sarauta har fada ake kai su, da gashin jimina a ka, su rusuna gaban Sarauniya Shalot, matar sarkin Ingila na lokacin. Daga nan duk liyafar da ta je a Landan, uwarta ko wata gwaggo na gefe tana sa ido. Ta yi rawa da saurayi ɗaya fiye da sau biyu a dare guda, gari ya ɗauka. Wasiƙa ma sai bayan baiko. Abin da ke ba ni tausayi, ɗan tsegumi kaɗan kan hana ta miji, shi kuwa namijin ko a jikinsa.

Dokar aure ta Ingila ta 1753 ta sa wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye zai yi aure, shi ya sa a lokacin masoyan da suka gudu ke tsallakawa ƙauyen Giretna Girin a Sikotilan, inda dokar ba ta aiki, maƙeri ya ɗaura musu.